Neman kwangilar soja ta intanet ba tona sirrin tsaro ba ne

A kasuwar Agege na ji wani ɗan kwangila yana cewa in aka mayar da neman kwangilar soja kan intanet, asirin ƙasa ya tonu. Ba haka ba ne. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ware kayan tsaro na musamman, ba a bi da su ta hanyar da kowa ke bi sai da izinin shugaban ƙasa. Abin da ake tallatawa shi ne takalma, kaki, shinkafa, gyaran bariki. A tsarin intanet, sai ka loda takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da shaidar biyan haraji, ka saka farashinka, na'ura ta kulle shi har ranar buɗewa. Wannan kullewar ce ta fi burge ni, domin ba mai leƙa ambulan ɗinka ya tsegunta wa abokin takararka.