Eyam: ƙauyen da ya rufe kansa don maƙwabta su tsira

A tsaunukan Derbyshire da ke Ingila akwai wani ƙauye da ake rubuta sunansa Eyam, mutanensa kuma suna furta shi "Im". Yau mazaunansa ba su wuce dubu ɗaya ba. Da can haƙar darma da kiwon tumaki ne abincinsu. Masu ba da labarinsa kan tsaya a jaruntakar mutanensa, ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne tsarin da ya sa jaruntakar ta yiwu.

A ƙarshen bazarar 1665, lokacin da annoba ke cin Landan, an kawo wa telan ƙauyen ƙunshin yadi daga can. Yadin ya yi laima, sai mai taimaka masa, George Viccars, ya shanya shi kusa da wuta. Akwai ƙuma mai ɗauke da cutar a ciki. A farkon Satumba aka binne shi, shi ne na farko. Cutar takan zo da zazzaɓi mai zafi da kaluluwa a hamata ko matsematsi, cikin 'yan kwanaki ta kwantar da mutum. Da sanyi ya shigo sai ta lafa, har aka ɗauka ta tafi. Da ɗumi ya dawo a 1666 ƙuma ta sake yawa, mutuwa ta dawo da ƙarfinta.

A nan ne limamin cocin, William Mompesson, ya nemi Thomas Stanley. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Stanley shi ne tsohon limamin da aka tuɓe saboda saɓanin aƙida, kuma da yawa daga cikin mutanen ƙauyen shi suka fi jin maganarsa. Mompesson baƙo ne, matashi, bai daɗe da zuwa ba. Da shi kaɗai ya ce kowa ya zauna, ina ganin da wuya a saurare shi. Su biyun suka tsayar da abu uku. Kowane gida ya binne mamacinsa da kansa, nan take, kusa da gida. A rufe coci, a riƙa ibada a fili a wani kwari da ake kira Cucklett Delph, kowane iyali nesa da ɗan'uwansa. Na ukun shi ne mafi nauyi: ba shiga, ba fita. Duk wanda ya san hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta faɗa wa, ya kuma hana fita daga cikinsa, zai gane wannan hukunci da wuri.

To amma wanda ka ce kada ya fita, me zai ci? Yawancin killacewa a nan take rushewa. Mai sarautar Devonshire da ke zaune a gidansa na Chatsworth, kusa da ƙauyen, ya riƙa aiko da abinci da magani. Mutanen ƙauyukan kusa, irin su Stoney Middleton, sukan ajiye kaya a bakin iyaka su ja da baya. Akwai dutsen iyaka mai ramuka da aka huda a kansa, ana zuba ruwan khal a ciki a jefa kuɗin kaya da nufin tsarkake su, mai sayarwa ya zo daga baya ya tsamo. Wasu kuma a wata rijiya da yanzu ake kira da sunan Mompesson suke barin kuɗin cikin ruwa. Ba su san ƙwayar cuta ba, amma sun gane hannu da hannu ne hatsarin, suka raba mai bayarwa da mai karɓa.

Kada a ɗauka abin ya zo da sauƙi. Kusan mutum 260 suka mutu cikin wata goma sha huɗu. Agustan 1666 ya fi kowane wata muni. A cikinsa Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas, kaburburansu na nan a gonar Riley, an kewaye su da katangar dutse. Matar Mompesson, Catherine, ita ma a watan ta rasu, bayan ta ƙi barin mijinta. Akwai masana tarihi da ke ganin zaman wuri ɗaya ya ƙara yawan mutuwa a cikin ƙauyen, kuma ban ga dalilin musa wannan ba. Su suka biya, garuruwan Sheffield da Bakewell da ke kusa suka ci moriya. A farkon Nuwamban 1666 aka binne na ƙarshe.

Abin da nake girmamawa a Eyam ta yau shi ne ba ta bar tunawa a hannun gidan tarihi kaɗai ba, ko da yake tana da shi. A jikin wasu gidajen dutse na ƙauyen akwai alluna ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a kowane gida. Ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta ana tattaki zuwa Cucklett Delph a yi addu'a a fili kamar yadda aka yi a 1666.

A makon ne kuma ake ƙawata rijiyoyi da zanen furanni, aikin gayya na gaske. Ana jiƙa manyan katakai cikin ruwa kwanaki da dama, domin busasshen katako yakan tsotse ruwan yumɓu ya sa ya tsage. Sai a kwaɓa yumɓu da ruwa da gishiri, a shafe katakon da kauri kamar inci ɗaya. A shimfiɗa takardar zane a kai, a bi layukan da tsinke ana hudawa, a cire takardar, a jera ƙwayoyin iri ko zaren ulu a kan layukan. Daga nan a danna ganyen furanni ɗaya bayan ɗaya, ana farawa daga ƙasa, kowane yana hawa kan na ƙasansa kamar jerin kwanon rufi, don ruwan sama ya zarce bai shiga ba. Yara da tsofaffi sukan kwashe kwanaki a kai. Idan an kafa katakon a bakin rijiya, mako guda yake yi kafin rana da iska su busar da yumɓun, furannin su fara zuba.