Cacar Green Bay a kan Jordan Love

A gasar NFL ta ƙwallon Amurka, ƙungiyoyi 32 kan zaɓi sabbin 'yan wasa daga jami'o'i kowace shekara, kuma wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe. Gardamar da ake yi kullum ita ce ko a ɗauki wanda zai toshe ɓarakar yau, ko wanda za a ajiye saboda gobe.

A watan Janairun 2020, saura wasa ɗaya Green Bay Packers ta kai wasan ƙarshe na Super Bowl, San Francisco ta fitar da ita. Kowa ya san Aaron Rodgers, kwatabak ɗinsu, wato mai jefa ƙwallo kuma jagoran hari, yana buƙatar ƙarin masu cafkewa bayan Davante Adams. Sai ga shugabannin ƙungiyar sun matsa daga lamba 30 zuwa 26 a jerin zaɓen shekarar don su ɗauki wani kwatabak, Jordan Love, alhali Rodgers mai shekara 36 bai nuna gajiya ba. Shi ne ma ya zama gwarzon gasar a 2020 da 2021.

Ni ina ganin sun yi daidai, domin kwatabak ba a samunsa ranar da ake buƙatarsa, kuma haka suka ɗauki Rodgers ɗin kansa a 2005, ya yi shekara uku a benci a bayan Brett Favre. Amma masu yabon wannan hangen nesa sukan manta da farashinsa. Kwantiragin sabon ɗan wasa mai araha ne, na shekara huɗu, kuma a lokacin ne ƙungiya ke da rarar kuɗin ƙarfafa sauran gurabe. Love ya cinye uku daga ciki a zaune, ya fara jagoranci a 2023, a 2024 kuma aka ba shi kwantiragin dala miliyan 220. Rodgers kuwa ya koma New York Jets ba tare da ya sake kai Green Bay wasan ƙarshe ba.

Abin da ya sa Green Bay ke iya wannan haƙuri, a ganina, shi ne ba ta da attajiri guda da zai fusata ya kori manaja. Magoya baya ne ke riƙe da hannun jarinta. Manajan da kujerarsa ke rawa, da wuya ya ɗauki yaron da wani ne zai zo ya ci moriyarsa.