Kafin ka rubuta "Muna tare da kai"

A watan Mayun 2019, kwana biyu bayan Meghan, matar Yarima Harry na Ingila, ta haifi ɗansu na fari, wani tsohon hannu a gidan rediyon BBC mai suna Danny Baker ya ɗora hoto a shafinsa na Twitter. Hoton mace da namiji ne riƙe da hannun biri an sa masa kwat, ya rubuta a ƙasa wai jaririn gidan sarauta ne ke barin asibiti. Mahaifiyar Meghan baƙar fata ce, kuma kwatanta baƙar fata da biri tsohon cin mutunci ne da Turawa suka daɗe suna yi mana. Washegari BBC ta sallame shi. Ya ce shi gatan 'ya'yan sarauta yake wa shaguɓe, launin fata bai zo masa a rai ba, ya kuma nemi gafara. Bayan 'yan kwanaki ya hau dandamali a garin Nottingham, jama'ar da ke zauren suka miƙe tsaye suna yi masa tafi. Haka aka yi a Amurka a 2007, lokacin da kafar yaɗa labarai ta CBS ta kori mai gabatar da shirin rediyo Don Imus saboda baƙar maganar da ya yaɓa wa 'yan matan jami'ar Rutgers masu wasan ƙwallon kwando, waɗanda yawancinsu baƙaƙe ne. Shekarar ba ta ƙare ba wata tasha ta ɗauke shi, masu sauraronsa suka bi shi can.

Na san da yawanku, ƙannena, in kun karanta wannan ranku zai ɓaci, ku ce dubi yadda suke tafa wa wanda ya zage mu. Ɓacin ranku daidai ne. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu juyo gida Zamfara.

A nan rediyo ba abin wasa ba ne. A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro, akwatin rediyo ne ya rage wa talaka. Manomi na rataye shi a reshen bishiya yana noma, mai shayi na kunna shi tun sallar asuba. Mutumin da muryarsa ke shiga ɗakinka kullum, yana karanta gaisuwarka, yana tsage wa mahukunta gaskiya a kan hanyar da ta lalace ko albashin da aka riƙe, dole ka ji shi kamar ɗan gida. Shi ya sa ranar da aka ce an dakatar da shi saboda ya ci zarafin wata ƙabila, ba ka tsayawa tambayar me ya ce. Sai ka ɗauki waya ka rubuta cewa hassada ce, maƙiya ne, an ga yana faɗin gaskiya. Wani lokaci kuwa haka ɗin ne, don mun ga yadda aka rufe kafafen yaɗa labarai a Gusau a Oktoban 2022 a kan ɗauko taron siyasa. Sai dai son da kake yi wa mutum ba hujja ba ce cewa bai yi kuskure ba.

Ku saurari shirye-shiryen da ake buɗe layi a kira. Wani zai kira cikin zafin rai, wataƙila an sace masa shanu ko an ɗauke masa ɗan'uwa, ya ce duk Bafulatani ɓarawo ne, kada a raga wa kowa. Mai gabatarwa, maimakon ya katse shi, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "To, Alhaji ya fusata, mu ji mai kira na gaba." A majalisa a kwashe da shewa. Gari na wayewa wata tsohuwa za ta sauke ƙwaryar nononta a bakin kasuwa, ta ga waɗanda suka saba sayen furarta shekara da shekaru sun kau da kai. Ita ma an kore mata garke, ita ma ta binne ɗa. Ba ta da lambar gidan rediyon, ba ta da Facebook. In aka hukunta wannan mai gabatarwar, dubban mutane za su fito su kare shi. Ita wa zai tsaya mata?

Za ku ce wasa ne, ai mun gaji barkwanci. Gaskiya ne, akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Gobirawa da Yarbawa, tsakanin Kanawa da Zagezagi. Amma wannan wasan yana da ƙa'ida: ido da ido ake yin sa, ka faɗa a rama, a tashi ana dariya tare. Mai riƙe da makirfo shi kaɗai yake magana, wanda ya taɓa ba shi da bakin ramawa, kuma a ƙasar da jini ke zuba yake maganar. A Ruwanda tashar rediyon RTLM, wadda ta fara aiki a 1993, da kiɗa da raha ta ja hankalin matasa, tana kiran 'yan Tutsi kyankyasai. A 1994 aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana ɗari. Kotun duniya da ta zauna a Arusha, a ƙasar Tanzaniya, ta ɗaure ɗaya daga cikin masu gabatar da shirye-shiryen tashar, Georges Ruggiu, shekara 12. Allah ya tsare mu da ganin irin wannan, amma da laƙabi aka fara, masu sauraro na dariya.

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba. Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da munanan laƙabai, ta kuma ce an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna. Da Abu Zarri, babban sahabi, ya gori wani mutum da mahaifiyarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai duba girmansa ya kau da kai ba. Ce masa ya yi har yanzu akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Kuma Manzon Allah ne ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, ya bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne ka hana shi zaluncin. Wannan ne goyon bayan da nake so ku riƙa bai wa gwanayenku. In kana ƙaunarsa da gaske, kira shi ka ce, "Malam, maganar nan ba ta dace da kai ba, ka fito ka gyara."

Ba cewa nake duk wanda aka zarga mai laifi ne ba. A surar nan dai aka umarce mu da bincike in labari ya zo mana, don kada mu cuci wasu cikin rashin sani. Yau ana iya yanko daƙiƙa ashirin daga shirin awa guda, a jefa a WhatsApp, a raba magidanci da abincinsa. Saboda haka ka nemi shirin ka ji shi tun daga sallama har bankwana. In ƙage aka yi masa, ka tsaya masa da hujja, ka rubuta wa gidan rediyon, ka kai ƙorafi inda ya dace, ba tare da zagin ƙabilar waɗanda suka yi kuka da shi ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: a zargi mutum da ƙabilanci, masoyansa su cika shafuka da zagin da ya ninka nasa, wai suna wanke shi.

In kuwa ya faɗa ɗin, kada ka yi saurin cewa ai ya ba da haƙuri, a wuce wurin. Ba kai aka ɓata wa ba, don haka yafiyar ba a hannunka take ba. Abin da za ka iya shi ne ka matsa masa ya nemi gafara a fili, ya ambaci mutanen da ya taɓa da sunansu, ya bar irin ban-haƙurin nan na "in akwai wanda ransa ya ɓaci". Bayan haka sai a roƙi tashar ta mayar da shi, a kuma ce shirinsa na farko ya gayyato dattijon ruga da dattijon gari su zauna teburi ɗaya, a buɗe layi, duk mai kiran da ya fara yi wa wata ƙabila kuɗin goro ya katse shi nan take, ya faɗa wa masu sauraro dalilin katsewar.