Zinarin yana tafiya Dubai, zaibar tana biyo yaranmu gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar dahab, wato zinari, nake so mu yi, kuma da mu Hausawan Sudan nake, daga Mai Wurno zuwa Gadarif, daga Kasala zuwa Damazin. Yau da wuya ka shiga unguwarmu ka ƙirga gida biyar ba ka ji an ce wane yana wajen haƙar zinari ba. Wani yana Abu Hamad, wani yana kasuwar Ibaidiyya kusa da Barbar, wani ya nausa duwatsun Bahar Maliya. Kuɗi su shigo ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, uwa ta ɗaga hannu ta sa albarka, a auno dawa, a biya haya. Na san darajar kuɗin nan, don haka kada wani ya zaci zan ce yara su dawo su zauna. Su dawo su ci me? Tun da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, ƙasar nan ta jingina da zinari. Rikicin Damazin da Rusairis na 2022 ya tarwatsa gidajenmu, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya raba mutane da gona da kasuwa. Saurayin da ya rasa duka biyun, rami ne kaɗai ke karɓarsa ba tare da an nemi takarda ko hanya ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne muna tambayar yaro nawa ya samu, ba ma tambayarsa yadda ya samu.

Hatsarin da kowa ya sani shi ne ruftawar rami. A Disamban 2021 mutum 38 suka rasu a wata mahaƙa a Kordofan ta Yamma. A Maris 2023 an rasa 14 kusa da Wadi Halfa. A Yunin 2025 wasu 11 suka tafi a Kirsh al-Fil, tsakanin Atbara da Haiya. Allah ya jiƙansu. A na 2021 da na 2025 hukuma ta ce ta riga ta dakatar da aiki a wurin, mutane ne suka koma. To, an dakatar, amma wa ya tsaya ya tabbatar? Rijiya ce mai zurfin gaba da yawa, babu tokari, babu iska, igiya ɗaya ake sauka da ita, maƙwabci kuma yana haƙa tasa ta gefe har ƙasa ta zama rariya.

Amma rami idan ya rufta ana ji, ana kuka, ana zaman makoki. Zaiba ba ta yin ƙara.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, ga yadda aikin yake. Ana fito da dutse a buhuna a kai kasuwar tawahin, wato injinan niƙa, injin ya niƙe shi da ruwa, a zuba zaiba, wadda Larabawa ke kira zi'baƙ. Ita ce ke kama ƙwayoyin zinarin. Sai yara su shiga kwatamin wanki da hannu da ƙafa tsirara, su tattaro ta, su matse a ƙyalle, a samu ɗan curi fari. Curin nan ake ɗorawa a wuta, zaibar ta tashi ta bi iska, zinari ya rage. Mai ƙonawa yana sunkuye a kai don kada ƙwaya ta salwanta, yana shaƙa. Tururin ba shi da launi, ba shi da wari, shi ya sa ake raina shi. Yana shiga huhu ya wuce jini, ya zauna a ƙwaƙwalwa da ƙoda. Alamominsa ba a rana ɗaya suke zuwa ba: rawar hannu, mantuwa, rashin barci, saurin fushi, ciwon dasashi. Na ga saurayin da ya dawo daga arewa ba ya iya riƙe kofin shayi sai ya zube, danginsa suna ta yawo da shi ana cewa sammu ne ko iska. Babu wanda ya tambaye shi wata nawa ya yi a bakin wutar ƙona curi.

Mafi muni shi ne wanda ke ɓoye curinsa don tsoron ɓarayi ko masu karɓar haraji, ya kawo shi gida, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya ƙona a kan gawayi. Tururin yana kama bango da tabarma da tufafi. Matarsa mai ciki tana shaƙa, zaiba kuma tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan da ke ciki. Don Allah iyayenmu mata, wannan ba abin da za a yi kawaici a kansa ba ne.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 2010 a Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sama da yara 400 suka mutu. Can gubar dalma ce da ke cikin dutsen kansa, ba zaiba ba, amma hanyar ɗaya ce: an kawo aikin zinari cikin gida, ana niƙa dutse a tsakar gidan da yara ke rarrafe. 'Yan uwanmu ne, harshenmu ɗaya, sai da aka kankare ƙasar ƙauyuka irin su Bagega kafin magani ya yi amfani.

Sai maganar karta, wato ragowar ƙasar da aka wanke. Zaiba ba ta kwashe ko rabin zinarin da ke cikin dutse, saura yana cikin karta. Kamfanoni suna sayenta su jiƙa da siyanid, wani sinadari mai guba da ke narkar da zinari, su cire abin da ya rage, yanzu har ɗaiɗaikun mutane suna jibge ta a gonaki da bayan gidaje. Siyanid yana kashe dabba ko tsuntsun da ya sha ruwan kwatamin nan take. Idan kuma ya haɗu da zaibar da ke cikin karta, yana narkar da ita ta bi ruwa cikin sauƙi. Damina ɗaya mai ƙarfi ta isa ta share tarin nan zuwa Nilu. A cikin ruwa zaiba tana rikiɗa ta taru a jikin kifi, babba ya ci ƙarami tana ƙaruwa. Haka aka yi a Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956 tsakanin iyalan masunta. Su wa aka sani da kamun kifi a kogin Nilu in ba mu ba? Ɗanmu ya zuba a arewa, ɗan uwansa masunci ya kamo. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta ware ayyuka huɗu da ta ce a daina su: zuba zaiba a kan dukkan dutsen da aka niƙa, ƙona curi a fili, ƙona shi a unguwar da mutane ke zaune, da sa siyanid a kartar da ba a cire wa zaiba ba. Duk huɗun ana yin su a ƙasar nan.

A Oktoban 2019, bayan mutanen Talodi da ke Kordofan ta Kudu sun tashi tsaye, gwamnatin Firaminista Hamdok ta sanar da hana zaiba da siyanid. A takarda ta tsaya. Kamfanin albarkatun ma'adinai na gwamnati ya ce an samar da tan 64 na zinari a 2024, sama da kashi 80 cikin ɗari daga hannun masu haƙar gargajiya. Mafi yawan abin da aka fitar a shekarar Dubai ya tafi. Wanda ke karɓar kasonsa a kan kowane buhu a ƙofar kasuwa, wajibi ne ya ajiye likita da motar ɗaukar marasa lafiya a kasuwar. Kuma mun ga abin da zinari ya yi a Jabal Amir da ke Darfur a 2013, inda ɗaruruwa suka mutu a faɗan mallakar mahaƙa, mun kuma san da me ake sayen harsashin da ya kore mu daga gidajenmu.

Gwamnati ba a hannunmu take ba, amma ɗakunanmu a hannunmu suke. Malamanmu su faɗa a huɗuba cewa ƙona curi a gidan da iyali suke cutar da bayin Allah ne. Sarakunan unguwanni su riƙe sunan duk yaron da ya tafi da wurin da yake, don kada rami ya rufta a rasa wanda zai ce namu ne. Yaron da bai balaga ba kada a tura shi wanki, ko nawa za a ba shi. Wanda ya dawo da rawar hannu a kai shi asibiti a gaya wa likita aikin da ya yi. Kayan aiki kuma a bar su can, kada a haɗa su da wankin yara.

Akwai kuma tukunyar ƙonawa mai murfi da bututu, wadda ake haɗawa da bututun ruwa na ƙarfe. Tururin yana bin bututun ya huce ya koma zaiba a cikin ruwa, mafi yawanta ta dawo a sake amfani da ita, mai ƙonawa ya tsira da huhunsa da kuɗinsa. Samari goma za su iya yin karo-karo su mallaki ɗaya. Duk wanda ya san mai walda a Atbara ko Abu Hamad da ya iya haɗa ta, don Allah ya rubuto mini a ƙasa, akwai samarin unguwarmu da ke shirin tafiya bayan girbin ridi.