Don Allah a bar fursuna ya riƙe biro

Duk sanda aka yi maganar kai malamai da littattafai gidan yari sai ka ji wani ya taso, wai mutum ya yi sata kuma a saka masa da digiri, alhali yaran da ba su yi laifin komai ba suna zaune babu makaranta. Wallahi na gane zafin, amma fa mafi yawan waɗanda ke ciki fitowa za su yi, wa'adi zai cika a buɗe musu ƙofa su dawo cikinmu, to da me muke so su fito? In shekara biyar yaro na zaune yana kallon bango, ba karatu ba sana'a, malaminsa kawai shi ne gogaggen ɗan fashin da suke kwana ɗaki ɗaya. Binciken da cibiyar RAND ta Amurka ta fitar a 2013 ya nuna waɗanda suka yi karatu a kurkuku yiwuwar su koma ta ragu da kashi 43 cikin ɗari.

Abin da ya fi taɓa ni ma shi ne rubutunsu. Imam Sarakhsi a tsare yake a garin Uzgend na tsakiyar Asiya ya riƙa yi wa ɗalibansa shiftar Al-Mabsut da ka, littafin da malaman fiƙihun Hanafiyya ke buɗewa har yau. Marubuci Ngugi wa Thiong'o a 1978 a kurkukun Kamiti na Kenya kan takardar bayan gida ya rubuta littafi guda da yarensa na Gikuyu, ku duba fa, fefa mai kaushi, yana yi yana ɓoyewa kada gandiroba ya gani. Mandela kuwa da aka tono rubutun da ya binne a lambu a kurkukun Robben Island, hukuncin da aka yi masa shi ne hana shi karatu shekara huɗu.

Za a ce ai waɗannan manya ne kuma zaluntarsu aka yi. Haka ne. Amma ni hankalina na kan wanda ba a san sunansa ba, wanda ko wasiƙa zuwa ga uwarsa sai ya roƙi wani ya rubuta masa, takardar tuhumar da ake masa ma bai iya karantawa ba. Dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 da ake kira Dokokin Mandela sun ce dole kowane kurkuku ya samu laburare, kuma koyar da wanda bai iya karatu ba wajibi ne. A fara da wannan ɗin, sannan abin da suka rubuta a bari ya fito waje mu karanta, don cunkoso da cuta da dukan da ake yi a ciki su ne suka gani da idonsu.