Mu masu na'urar wasan bidiyo ta Wii a Kano, wa zai kawo mana Red Steel 2?

Wallahi abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Red Steel 2 ya fito a 2010, wasan harbi da takobi da kake gani ta idon ɗan wasan, ka nuna talabijin da rimot ka harba, ka wurga hannu takobi ya bi. Tun na farkon da ya fito tare da Wii a 2006 nake jiran a gyara saran takobin, kuma MotionPlus, ɗan abin da ake maƙalawa a gindin rimot don ya ƙara gane motsin hannu, shi ne maganin, wasan ba ya ma tashi sai da shi.

Amma je ka shagunan Sabon Gari ka tambaya. Mai shago zai kalle ka sheƙeƙe, ya miƙo maka faifan ƙwallo na PlayStation, wai "Yallaɓai, wannan ake yayi." Ƙwallo, ƙwallo, kullum ƙwallo! MotionPlus kuwa ko sunansa bai taɓa ji ba.

Ko an samo ma akwai sauran rina a kaba, domin Wii na kulle yanki. Nawa na Amurka ne, faifan Turai ba zai tashi a kansa ba. Dole in roƙi mai dawowa daga waje, in yi ta jaddada masa ya duba bayan kwalin kafin ya biya.