Haƙƙin iyaye: ƙwace shi aka yi, ko mu muka saki?

Duk inda aka taso da maganar tarbiyya, kukan da ya fi yawa a bakin iyaye shi ne an raba su da 'ya'yansu. Makaranta tana koyar da abin da ba a shawarci uba a kai ba, hukuma tana kafa dokar da ke shiga har tsakar gida, ƙungiyoyi suna karanta wa yaro haƙƙinsa ba su gaya masa nauyin da ke kansa ba. Ina tare da masu wannan kuka a wurare da dama. Sai dai ina ganin rabin zancen muke faɗa, muna haɗiye rabin da ya shafe mu.

Mutane da yawa sun ɗauka dokokin duniya sun soke ikon iyaye, alhali abin da ke rubuce ya saɓa wa haka. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, a sashe na 26, ta ce iyaye ne ke da haƙƙin farko na zaɓar irin ilimin da za a bai wa 'ya'yansu. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda aka fi jifa da zargi, ta wajabta wa gwamnatoci a sashe na 5 su mutunta haƙƙin iyaye da nauyin da ke kansu, har ta ambaci dangi. Sashe na 18 kuma ya ce alhakin farko na renon yaro yana kan uwa da uba, aikin hukuma shi ne ta tallafa musu. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ma ta ƙara abin da waccan ba ta da shi: sashe na 31 ya ɗora wa yaro nauyin girmama iyayensa da na gaba da shi, da taimaka musu idan suka shiga buƙata. Ko a Amurka, tun 1925 kotun ƙoli ta soke dokar jihar Oregon da ta so tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati, ta ce yaro ba na hukuma ba ne ita kaɗai.

Wannan ba ya nufin babu takaddama. A Jamus doka ba ta yarda iyaye su cire yaro daga makaranta su koyar da shi a gida ba. Suwidin ta haramta dukan yara har a cikin gida tun 1979, ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka. Ni dai matsayina a nan a fili yake. Inda ake azabtar da yaro, ko aka bar shi da yunwa, ko aka hana shi karatu, hukuma ta shiga, kuma uban da ya ce "ɗana ne" bai kawo hujja ba. Amma aƙida, da kunya, da shekarun da ya dace a buɗe wa yaro wasu batutuwa, waɗannan hurumin gida ne. Ma'aikacin da zai bar kujerarsa bayan shekara huɗu bai fi wanda zai zauna da sakamakon har ƙarshen ransa sanin yaron ba.

To, ga rabin da muke haɗiyewa.

Kwanakin baya 'yata mai shekara 11 ta kawo takarda daga makaranta, ana neman in sa hannu don za a yi musu darasi kan balaga. Raina ya ɓaci. Na zauna zan rubuta wa shugaban makarantar wasiƙa mai zafi, sai mahaifiyarta ta miƙo mini tsohuwar wayata, wadda ni da kaina na bar wa yarinyar don ta daina damuna da surutu. Ta ce, "Malam, kafin ka rubuta, duba abin da ta bincika." Duk tambayoyin da nake tsoron malami ya taɓa, yarinyar ta riga ta yi wa intanet su wata uku da suka wuce. Da na kira ta, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, ai na fara tambayarka ranar nan, ka ce in bari sai ka gama waya."

Ba na ma tuna ranar.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muna faɗa da malamin da muka san sunansa, wanda za mu iya zuwa mu same shi a ofis, amma mun shigo da malamin da ba mu sani ba har ɗakin kwanan yara, mu ne ma ke saya masa data. Facebook da TikTok sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, kuma kowa ya san yadda yara ke ƙara wa kansu shekaru, wani lokaci da wayar uwa ko uba a hannu. Da abin ya ishi Ostireliya, majalisarta ta yi doka a ƙarshen 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafafen sada zumunta. Iyaye da yawa sun yi murna. Ni abin da na gani a ciki ya ɗan sosa mini rai: gwamnati ce ta zo ta ce "a'a" a madadin iyayen da suka kasa faɗarta. Wanda ya roƙi hukuma ta riƙe masa ƙofar gidansa yau, da wane baki zai kore ta gobe idan ta leƙa ɗaki?

Tarbiyyar da muke kira ta gargajiya ba ta taɓa raba iko da wahala ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce kowannenku makiyayi ne kuma za a tambaye shi kan abin da aka ba shi kiwo. Tambaya aka ambata, ba a ambaci mallaka ba. Muna son janyo ayar Suratul Isra'i da ta hana ɗa ya ce wa iyayensa ko da "uf", kuma gaskiya ce. Amma a Suratu Luƙman uba ne ya zaunar da ɗansa, yana ce masa "ya ƙaramin ɗana", yana bi da shi daki-daki, daga tauhidi har zuwa yadda zai yi tafiya da yadda zai sassauta murya. Wannan aiki ne mai cin lokaci, ba a aika wani ya yi maka, kuma shi ne ke sa maganar uba ta yi nauyi ran da ya ce bai yarda ba.

Wasiƙar nan ban rubuta ta ba. Na je makarantar da ƙafata na nemi littafin da za a koyar da shi, na karanta shi a zaune a gaban malamar. Shafi biyu ban amince da su ba, na faɗa mata, ta ce za ta kai maganar gaba, kuma 'yata na iya fita idan aka zo wurin. Ina shirin tashi malamar ta ce a duk ajin ni kaɗai ne na zo neman littafin, sauran takardun duk sun dawo da sa hannu washegari.